Shin motsa jiki ta manhajar waya yana taimaka wa mai amosanin gwiwa?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 64, kuma likita ya ce amosanin gaɓɓai ne ya kama gwiwoyinta, irin wanda guringuntsi ke zaizayewa. An ba mu shawarar ta shiga wani shiri na motsa jiki da ilmantarwa da ake bi ta waya, amma hankalina bai kwanta ba. Gwiwar da ta riga ta cinye, motsa ta ba zai ƙara cinye ta ba? Kuma me waya za ta yi mata wanda zai kai zuwa gaban likita? Akwai wani sakamako na gaske da aka gani?

Amsa:

Malam, Allah ya ba Mama lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Ni likitan fisiyo ne, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, kuma masu ciwon gwiwa irin na Mama suna cikin waɗanda na fi gani a wurin aiki. Shawarata ita ce ta shiga. An gwada irin waɗannan shirye-shirye, kuma waɗanda aka tsara da kyau suna rage zafi, suna ƙara ƙarfin tashi da tafiya, gwargwadon abin da ake samu a ɗakin fisiyo. Sai dai sauƙin matsakaici ne, kuma yana ɗorewa ne muddin ana ci gaba da atisayen. Wanda ya ce maka manhaja za ta mayar da gwiwar sabuwa, kada ka saurare shi.

Zan fara da tsoronka na cinyewar gwiwa, domin muddin yana ranka, kai da kanka za ka riƙa cewa "Mama zauna ki huta", kuma babu manhajar da za ta rinjayi ɗa mai tausayin uwarsa.

Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa ba shi da hanyoyin jini, ba shi kuma da jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma ruwan ba ya ratsa shi sai an danna an saki, kamar soso a cikin ruwa: ka matse ya fitar, ka saki ya zuƙa. Taku da lanƙwasawa su ne matsewar da sakin. Gaɓar da aka daɗe ba a motsa ba, guringuntsinta sirancewa yake yi. Masu bincike sun bi diddigin mutanen da ke atisayen magani da hoton MRI, ba su ga alamar cewa atisayen yana lalata guringuntsi ba. Zafin da Mama ke ji yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin, da tantanin da ke lulluɓe gaɓar daga ciki idan ya kumbura, da jijiyoyi da tsokokin da ke kewaye. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa su ma suna ƙara kaifi, musamman idan ga rashin barci ga damuwa. Wannan ne ya sa hoton ƙashi da zafi ba sa tafiya tare yadda mutane ke zato. A 2008 wasu masana a Jami'ar Keele ta Ingila sun tattara binciken da aka yi a kan haka, suka ga cewa a cikin waɗanda hotonsu ya nuna amosani, masu jin zafi sun kama daga kashi 15 zuwa kashi 81 cikin ɗari, ya danganta da binciken. Akwai mai mummunan hoto da ke hawa matakala ba tare da ya dafa komai ba, akwai mai hoto mai dama-dama da ba ya iya barci. Idan an ɗauki hoton gwiwar Mama, ka ajiye shi a jaka. Abin da za mu auna shi ne abin da Mama ke iya yi da ƙafafunta.

Hutun da ake ba mai amosani yana da tsada. Tsokar gaban cinya ita ce ke tallafe gwiwa a duk taku, kuma tana saurin ramewa idan aka daina aiki da ita. Ta rame, gwiwa ta ƙara ɗaukar nauyi ita kaɗai, zafi ya ƙaru, mutum ya ƙara zama, jiki ya ƙara nauyi, tsoka ta ƙara ramewa. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina da gwiwa "ta ƙi" sun yi shekaru a cikin wannan zagaye, kuma rabin abin da ke hana su tashi daga kujera rauni ne da tsoro.

Saboda haka manyan hukumomin lafiya ba su da saɓani a nan. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da sabuwar ƙa'ida a Oktoban 2022 wadda ta sa motsa jiki na magani, da rage nauyi ga mai ƙiba, da ba majinyaci bayani, a matsayin ginshiƙin jinyar kowane mai amosanin gaɓɓai. Ƙa'idar ta ce ma a gaya wa majinyaci tun farko cewa zafi zai iya ƙaruwa idan ya fara, amma ɗorewa a kai zai amfani gaɓar. Ƙungiyar masu binciken amosani ta duniya, OARSI, da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka sun faɗi kusan haka a ƙa'idojinsu na 2019. A Denmak an fara shirin GLA:D a 2013, inda ake ba majinyaci zaman ilmantarwa biyu da zaman atisaye 12 a gaban likitan fisiyo, sau biyu a mako, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Matsalar ita ce yawan masu ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai a 2019, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Babu ƙasar da ke da likitocin fisiyon da za su zauna da kowannensu sau 12. Wannan giɓin ne shirye-shiryen waya suka zo cikewa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. "Ta waya" suna ne da ya rufe abubuwa mabambanta, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne, don haka ka fara gano wane iri aka ba ku.

Wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne ganawa da likitan fisiyo ta kiran bidiyo. Masu bincike na Jami'ar Melbon a Ostiraliya, ƙarƙashin Farfesa Kim Bennell da Farfesa Rana Hinman, sun daɗe a kan wannan. A 2017 sun wallafa gwajin mutum 148 masu shekara 50 zuwa sama da ke da daɗaɗɗen ciwon gwiwa. An raba su biyu ta ƙuri'a. Rabi sun samu ganawa 7 da likitan fisiyo ta Skype cikin wata 3, haɗe da darussan jure zafi ta intanet, sauran kuma bayani kawai aka ba su su karanta. A ma'aunin zafi mai maki 0 zuwa 10, rukunin farko sun fi samun sauƙi da maki 1.6 bayan wata 3, kuma a wata na 9 ana iya ganin bambancin, ko da yake ya ragu. Amma wannan ya nuna ne kawai cewa bidiyo ya fi karatu. Ainihin abin da ka tambaya, ko bidiyo ya kai ido da ido, sai a 2024 aka amsa shi sosai a mujallar Lancet. Mutum 394 aka raba ta ƙuri'a, kowa ya samu ganawa 5 cikin wata 3, wasu a asibiti wasu ta bidiyo, da irin atisaye ɗaya da bayani ɗaya. Duka rukunan biyu zafinsu ya sauka da kusan maki 3, ƙarfin aikinsu ya ƙaru, kuma na bidiyo ba su gaza na asibiti ba. Ni wannan gwajin ne ya fi gamsar da ni, domin ya kwatanta abu da tsaransa.

Na biyu shi ne manhajar da ke aiko da atisayen kowace rana a bidiyo, da gajerun darussa, da likitan fisiyo a bayan fage wanda ake rubuta wa saƙo yana daidaita wahalar atisayen. Ɗaya daga cikin waɗanda aka yi bincike a kansu ita ce Joint Academy ta ƙasar Suwidin. An gwada ta a Notingam ta Ingila, aka wallafa a 2021: bayan mako 6, masu manhajar sun fi masu jinyar da aka saba samun sauƙin zafi da maki 1.5, kuma a gwajin tashi daga kujera na daƙiƙa 30 sun fi su ƙari da kimanin tashi 3. Ƙarin tashi uku a rabin minti abu ne da mutum zai ji a jikinsa. Sai dai gwajin gajere ne, kuma cikin mutum 146 da aka fara da su, 105 ne aka iya aunawa a ƙarshe, domin kullen annobar korona ya faɗo a tsakiyar aikin. A 2022 kuma an kwatanta bayanan kusan mutum 7,000 a Suwidin, wasu sun bi shirin ido da ido wasu ta manhaja, aka ga na manhaja sun ɗan fi da ƙasa da maki ɗaya bayan wata 3. Ban ɗora nauyi mai yawa a kan wannan fifiko ba, domin mutanen ne suka zaɓi hanyarsu da kansu, ba ƙuri'a ba, kuma wanda ya je ya saukar da manhaja da hannunsa ya riga ya zo da niyya.

Na uku shi ne wanda mutum ke bi shi kaɗai, ba likita a ko'ina. A nan sakamakon ya rarrabu. Mutanen Melbon sun gwada wani shafin intanet na kyauta mai tsarin ƙarfafa tsoka na mako 24, haɗe da saƙonnin tes masu tunatarwa da tambayar mutum sau nawa ya yi atisaye a makon. Cikin mutum 206, masu wannan tsari sun fi masu bayani kawai da maki 1.6, kuma kashi 72 cikin ɗari nasu sun samu sauƙin da ake ɗauka mai ma'ana, a kan kashi 42 na ɗaya rukunin. Wannan a 2021 ne. Amma a 2018 wani gwaji na mutum 350 a jihar Karolina ta Arewa a Amurka bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin masu shirin intanet da waɗanda aka ce su jira, kuma da yawan waɗanda aka ba shirin ba su yi amfani da shi sosai ba. A Holan ma, a wani shiri mai suna Join2move mai matakai 9, ƙasa da rabin mutanen ne suka kai mataki 6. Idan ka jera waɗannan, za ka ga abin da ke raba su. Inda akwai wanda ke tambaya "kin yi na yau?", ko da saƙon tes ne, ana yi. Inda aka miƙa wa mutum shafi aka juya baya, sau da yawa ba a daɗewa ake watsarwa.

Akwai kuma haɗin gambiza, rabi a asibiti rabi a waya. A Holan an gwada shi da mutum 208 a 2018: masu haɗin sun ga likitan fisiyo kimanin sau 5, masu tsarin da aka saba kimanin sau 12, kuma sakamakonsu bai bambanta ba. Ga dattijuwar da ba ta saba da manhaja ba, wannan tsarin na fi so.

To, maki ɗaya da rabi, me yake nufi ga Mama? Nan ne masu talla ke sauri su wuce, ni kuma a nan nake son mu daɗe.

Masu bincike suna ɗaukar saukar kusan maki 2 a matsayin abin da yawancin majinyata za su ce lalle sun ji canji. Ka ga ke nan bambancin 1.5 ko 1.6 yana bakin iyaka. Kuma matsakaici ne na taron jama'a: a cikinsa akwai wadda zafinta ya sauko daga 7 zuwa 3, akwai wadda bai motsa ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen jinya, ta sabunta nazarinta na motsa jiki ga amosanin gwiwa a Disamban 2024, da gwaji 139 da mutum sama da 12,000. A ma'auni mai maki 100, motsa jiki ya rage zafi da kusan maki 13 idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa wani abu na musamman ba, amma da kusan maki 9 kacal idan aka kwatanta da waɗanda aka ba kulawa ko jinyar bogi. Marubutan sun fito fili sun ce amfanin yana nan amma ƙarami ne, kuma na ɗan lokaci. Wannan ya shafi atisaye ko a ina aka yi shi, a asibiti ko a waya.

Akwai wani abin lura da ke ruɗar mutane idan suka ga alƙaluman kamfanoni. Amosani ciwo ne mai tashi da kwanciya, kuma mutum ba ya neman taimako sai ranar da ya tashi masa. Idan ka auna shi a ranar, ka sake aunawa bayan wata 3, za ka ga sauƙi ko da bai yi komai ba, domin ciwon ya koma matsayinsa na kullum. Masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun ƙiyasta a 2023 cewa wannan kaɗai zai iya kai kusan maki 1 cikin 10. Don haka idan manhaja ta ce masu amfani da ita zafinsu ya ragu da kaza, tambayar farko ita ce: idan aka kwatanta da wa? Ta biyu: waɗanda suka daina tun a mako na biyu, an ƙirga su? Sau da yawa waɗanda suka ɗore kaɗai ake ƙirgawa, kuma waɗanda suka ji daɗi ne ke ɗorewa. Haka nan a wasu binciken manhajojin kasuwanci, masu hannu a kamfanin suna cikin marubutan. Hakan bai sa binciken ya zama ƙarya ba, amma dalili ne na a fi jingina da gwajin ƙuri'a. Sannan waɗanda ke shiga irin wannan bincike galibi masu iya karatu ne, masu intanet, waɗanda suka saba da waya, kuma yawancin gwaje-gwajen a kan gwiwa aka yi su. Na kwatangwalo da na yatsu ba su kai su yawa ba.

Duk da haka ina cewa ta shiga, kuma ba da rabin baki ba. Ka duba abin da ke ɗaya hannun. Magungunan zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma shan su watanni yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu shekarun Mama. Shi ya sa NICE ta ce a fara da na shafawa ga gwiwa, na sha kuma a ba da mafi ƙarancin da zai yi aiki na ɗan gajeren lokaci. Ta hana ba da magunguna masu ƙarfi na dangin mofin, ta ce kada a ba da glucosamine, ƙwayar da ake sayarwa don ƙarfafa gaɓɓai, domin babu hujja mai ƙarfi a kansa. Allurar sitiroyid a gaɓa tana ba da sauƙi na makonni ne. Tiyatar wanke gwiwa ta ƙaramar huda kuwa, tun 2002 wani gwaji na mutum 180 a Amurka ya nuna ba ta fi tiyatar bogi ba. Atisaye a gefe guda illarsa ba ta wuce ciwon tsoka ko tashin zafi na kwana ɗaya ko biyu ba ga mafi yawan mutane, kuma ribarsa ba ta tsaya a gwiwa ba: zuciya, sukari, hawan jini, barci, da daidaiton tsayuwa da ke kare tsofaffi daga faɗuwa, duk suna amfana. Magani mai matsakaicin amfani wanda za a iya yi shekara goma ba tare da ya cutar ba, ni a wurina ya cancanci zama na farko.

Ɓangaren ilmantarwar, wanda mutane ke tsallakewa don su kai ga bidiyon atisaye, kada Mama ta tsallake shi. Bayani shi kaɗai ba ya rage zafi sosai, gwaje-gwajen da na ambata sun nuna haka, domin rukunan kwatancen bayani aka ba su. Amfaninsa shi ne yana hana mutum dainawa ranar da gwiwa ta yi zafi. Ranar nan za ta zo, yawanci a mako na farko ko na biyu. Wadda aka gaya wa "ƙashi ne ke gugar ƙashi" za ta ɗauka ta yi wa kanta lahani, ta ajiye wayar. Wadda ta san ƙa'ida za ta ci gaba. Ƙa'idar da muke amfani da ita mai sauƙi ce: zafi lokacin atisaye har zuwa 5 cikin 10 karɓaɓɓe ne, matuƙar ya koma yadda yake kafin a fara cikin awa 24, kuma gwiwar ba ta ƙara kumbura ba. Idan ya wuce haka, an yi yawa, sai a rage zurfin lanƙwasawa ko yawan maimaitawa gobe, amma ba a tsayawa cak. Shirin kirki zai koyar da wannan a kwanakin farko, ya koyar da raba aiki gida-gida don kada a yi na mako a ranar da aka ji sauƙi a kwanta kwana uku, ya kuma bayyana cewa ƙarar da gwiwa ke yi ba alamar lalacewa ba ce idan babu zafi tare da ita. Idan darussan manhajar sun cika da hotunan ruɓaɓɓiyar gaɓa da maganganun ban tsoro, ku canza wata.

Wajen zaɓe, abin da zan fi dubawa shi ne ko akwai ƙwararren likitan fisiyo mai lasisi da za a iya yi wa magana, kuma ko ana tambayar tarihin lafiyar mutum kafin a ba shi atisaye. Sai a duba ko atisayen yana ƙara wahala da tafiyar makonni. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: tsoka ba ta ƙaruwa da abin da ta riga ta saba, kuma kuskuren da na fi gani a masu bin bidiyo su kaɗai shi ne maimaita ɗaga ƙafa mai sauƙi wata shida, sannan su ce atisaye bai yi musu aiki ba. Ya kamata a ga tashi da zama daga kujera, hawa da sauka daga ƙaramin mataki, ƙarfafa tsokokin cinya da na ɗuwawu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ana dafe da abu, sau biyu zuwa uku a mako aƙalla, haɗe da tafiya. Ka kuma karanta abin da manhajar ta ce za ta yi da bayanan lafiyar Mama kafin ku amince.

Kafin komai, a tabbatar amosanin ne. Likita ya riga ya duba ta, madalla. Amma ku sani, amosanin zaizayewa yana sa sandarewar safe da ba ta wuce minti 30. Idan sandarewar tana kai awa, ko gaɓɓai da yawa sun kumbura lokaci ɗaya, musamman yatsun hannu biyu, ana zargin nau'in da garkuwar jiki ke kai wa gaɓɓai hari, kuma maganinsa daban ne. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a taɓa, ta yi ja, ko da zazzaɓi, asibiti za a kai a ranar, ba a jira amsar saƙo ba. Haka idan ta faɗi ta kasa taka ƙafar, ko gwiwar ta kulle ta ƙi miƙewa, ko ƙwaurin ya kumbura yana ciwo, ko tana ramewa ba dalili. Idan tana da ciwon zuciya, ko jiri, ko ta taɓa faɗuwa a 'yan watannin nan, a fara da ganawa ido da ido, a nuna mata atisayen a gyara mata tsayuwa, daga baya ta koma waya.

Idan Mama tana da ƙiba, rage nauyi zai ƙara wa atisayen albarka sosai. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. A gwajin IDEA na Amurka, da mutum 454 cikin wata 18, waɗanda suka haɗa gyaran abinci da motsa jiki sun rage kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsu, kuma sun fi masu motsa jiki kaɗai samun sauƙin zafi. Wannan ma an nuna ana iya yin sa ta bidiyo: a gwajin Ostiraliya na 2022, waɗanda suka gana da masanin abinci da likitan fisiyo ta bidiyo sun rage kimanin kilo 9 fiye da masu bayani kawai cikin wata 6. Idan tana da ciwon sukari tana shan magani, kada a taɓa abincinta sosai sai da sanin likitanta.

Kai kuma, Malam, kana da aiki a cikin wannan, kuma ina ganin ya fi na manhajar girma. Ka saita mata wayar, ka jingina ta inda za ta ga bidiyon ba tare da ta riƙe ba, kuma inda likita zai ga ƙafafunta idan ana kiran bidiyo. Ku tsayar da lokaci ɗaya a rana. Ka yi atisayen tare da ita a makonnin farko idan da hali. Abin da ya fi wuya shi ne ka daina tsalle kana ɗauko mata duk abin da ta miƙa hannu gare shi. Ka bar ta ta tashi ta ɗauko, kana kusa.

Ku auna tun ranar farko, domin zafi yana da mantuwa kuma ranar da ya tashi sai a ga kamar ba a ci gaba ba. Ku samu kujera mai ƙarfi, marar taya, tsayinta kimanin santimita 43, ku jingina ta da bango. Ta zauna, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta tashi tsaye cak ta koma ta zauna, iya yawan da za ta iya cikin daƙiƙa 30, kana gefenta. Idan ba ta iya tashi sai da dafawa, ta dafa, ka rubuta cewa da dafawa ne. Ka rubuta adadin, da makin zafinta na makon, da abu ɗaya da take son komawa yi wanda gwiwar ta hana ta. Ku sake bayan mako 6, sannan bayan wata 3, da kujerar nan dai. Ƙarin tashi biyu ko uku ci gaba ne na gaske, ko da zafin bai sauka yadda kuke so ba tukuna, domin ƙarfi yakan riga sauƙin zafi zuwa.

Idan ta yi wata 3 zuwa 6 tana bi da gaske, an ƙara wahalar atisayen yadda ya kamata, amma zafin yana hana ta barci ko fita, ku koma wurin likita a tattauna tiyatar sauya gwiwa. A wani gwaji na Denmak a 2015, an raba mutum 100 da suka cancanci tiyatar gida biyu. Waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙi, amma matsaloli masu tsanani sun fi yawa a cikinsu. A cikin 50 da aka ba atisaye da ilmantarwa da gyaran abinci ba tiyata, 13 ne kawai suka koma aka yi musu a cikin shekarar, sauran suka ci gaba ba tare da ita ba. Idan ma Mama ta kasance cikin masu buƙatar tiyatar, ƙarfin cinyar da ta tara a watannin nan shi za ta dogara da shi ranar da za a ce ta sauko daga gado ta taka, kuma ku tafi wa likitan da takardar awonku ya ga daga inda ta taso.